Tambaya da Amsa: Goyo, Gawayi da Kunyar Ɗan Fari

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na ware a wannan watan, duka daga nan Ikko, duka kuma a kan zane da iyaye da 'ya'ya. Kamar kullum, na cire sunaye.

TAMBAYA

Anti, barka da aiki. Ni 'yar Funtuwa ce, aure ya kawo ni Agege. Wata biyar ke nan da na haifi ɗana na fari. Ban samu zuwa wankan gida ba saboda halin hanya da tsadar mota, wata dattijuwa Bazazzagiya da muke gida ɗaya ce ta yi min wankan jego, Allah Ya saka mata. Tun ina sakandare nake zane a bayan littafi, da aka yi min aure na bari. To tun bayan arba'in abin ya dawo min. In yaro ya yi barci sai in ɗauki gawayi in yi ta zane a jikin kwalin taliya, kuma abu ɗaya nake ta maimaitawa: mace ta juya baya da goyo. Wani lokaci ina yi ina kuka, ban san dalili ba. Surukata ta zo daga gida ta gani, ta ce rashin ta-ido ne in zauna ina zana ɗan fari, ita ko sunan nata ba ta taɓa kamawa ba. Ta ƙara da cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto. Maigidana bai hana ni ba, bai kuma ce in ci gaba ba. Anti, in daina ne? Ko wani abu ne ke damuna?

AMSA

Ƙanwata, barka da arziki, Allah Ya raya mana shi. Zan fara da abin da kika sa a ƙarshe, don shi ne ba ya jira.

Masu jego da yawa sukan yi 'yan kwanaki na ƙunci da saurin hawaye bayan haihuwa, abin kuma yakan wuce cikin mako biyu. Wanda ya zarce har wata biyar ya cancanci likita ya duba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna shiga larurar damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa kashi 20. Ki lura da kanki: kina iya barci in yaron ya yi barci? Abinci yana shiga? Kina jin kamar ke ba ki iya komai ba, ko zuciya tana raya miki ki cutar da kanki ko shi? In ɗaya daga ciki ya same ki, ranar da kika kai shi rigakafi ki ja nas gefe ki gaya mata. Asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas, wato LASUTH na Ikeja, kusa da ke yake, akwai asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba. Na san yadda 'yan Legas ke tsokana da "Yaba Left", kada wannan ya hana ki. Masu zuwa can da ƙafarsu, su karɓi magani su koma gida su ɗora tukunya, suna da yawa.

Ki kuma tuna abin da kika rasa. Wankan gida ba ruwan zafi da kunun kanwa kaɗai ba ne. Kwana arba'in ne mace tana tsakiyar uwa da gwaggo da inna, wannan ta karɓi jariri, waccan ta ce kwanta ki huta, 'yan barka suna shiga suna fita. Ke kuwa kin yi naki a ɗaki ɗaya a gidan haya, ga ƙarar janareta, maigida ya fita tun asuba saboda cunkoso. Mace ta yi kuka a wannan hali ba abin mamaki ba ne. Zanen ba shi ne ciwon ba. Ba kuma zai maye gurbin likita ba in ana bukatar likita.

Sai maganar surukarki. Ba zan ba ki shawarar ki ja da ita ba, domin abin da ta faɗa tarbiyyar da ta tashi a ciki ce, kuma tarbiyya ce mai kyau. Ni ma 'yar fari ce. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "ke" ce ko "waccan yarinyar". In na dawo daga makarantar kwana ƙannena za ta tambaya ko na ci abinci, ina tsaye a gabanta. Amma da aurena ya matso, sai ga zanen gado ta ciro daga ƙasan adaka, farin yadi, ta bi gefensa huɗu da zare kore da ja, fulawa na bin fulawa, a kowace kusurwa dagi. Ɗinkin hannu ne, da allura, a hasken aci-balbal bayan kowa ya kwanta. A gefe ɗaya zaren ya ƙare mata, ta ci gaba da wani koren da ya ɗan fi duhu, har yau ana ganin inda suka haɗu. Ba ita ta miƙo min ba, gwaggona ta ba ta kawo. Kin ga ke nan kunyar ɗan fari baki ta ɗaure, ba ta taɓa ɗaure hannu ba. Iyayenmu mata sun daɗe suna faɗar abin da ke ransu da allura da lalle da saƙar faifai da jeren kwanuka. Hular da uwa ke shafe watanni tana ɗinkawa, ta ce wai ta sayarwa ce, ƙarshe a gan ta a kan babban ɗanta ranar sallah, kowa a gidan ya san abin da ake ciki, kowa ya yi shiru.

Ki duba kuma abin da hannunki ya zaɓa ba tare da kin yi shawara da kowa ba. Mace ta juya baya. Babu fuskarki, babu tasa, babu suna. Ni a ganina kunyar tana cikin zanen tun farko. In ina wurinki, ba zan liƙa su a bango inda suruka za ta yi ta cin karo da su ba. Sai in sa su a akwati, in ci gaba da aikina, in kuma tambaye ta wata rana, cikin hira, wane irin zanen goyo ta goyi maigidanki da shi. Za ki sha mamakin yadda za ta tuna launinsa da inda aka saye shi.

Game da addini, hadisin mala'iku da ta ambata ingantacce ne, kada ki musa mata. Akwai kuma wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda wani mai sana'ar zane ya zo wa Ibn Abbas, shi kuma ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malamai sun yi saɓani a kan iyakar hanin. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka tashi a kai, abin da aka haramta kai tsaye shi ne mutum-mutumi mai inuwa, cikakkiyar sura ta abu mai rai. Zanen da ke shafe a takarda ko ƙyalle sun sa shi a matakin karhanci ko barin abin da ya fi. Wasu malaman sun tsananta fiye da haka, sun hana duka. Fatawa ta malamai ce, don haka ku je ke da maigida wurin malamin da kuka natsu da shi, ku tafi da zanen a hannu ya gani, kada ku tsaya a kwatance. In ya ce ki guji sura, ƙofa ba ta rufe ba. Zanen goyo da aka shanya a igiya, majanyi a kan ƙusa, ƙwaryar wanka da ganyen darbejiya a ciki, ɗan takalmi ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, duk uwar da ta gani ta san labarin wa ake bayarwa.

In kuwa za ki ci gaba da matar nan mai goyo, to ki daina zana ta da ka. Ki zauna a ƙofar gida da yamma ki kalli matan da ke dawowa daga kasuwa. Mai goyo ba ta tsayuwa a miƙe, takan ɗan rusuna gaba, ƙugu ya koma baya don ya tare nauyi. Ƙafafun yaron suna leƙowa ta gefe biyu, tafin yana kallon gaba. In ya yi barci kansa yakan langaɓe gefe guda, sai uwar ta kai hannu baya ta gyara ba tare da ta waiwaya ba, ta ɗan yi tsalle kaɗan ta ƙara tamke zanen a ƙirji. Ki kwatanta ɗaurin Bayarabiya mai faffaɗan majanyi na saƙi da na Bahaushiya da ta lulluɓe goyon da hijabi, sai tudu kawai kike gani yana motsi da ƙafa biyu a ƙasa. Wannan na biyun ban cika ganin an zana shi ba, ga shi kuma kullum yana gabanmu.

Kayan aiki kuma kada ki kashe kuɗi tukuna. Gawayi yana da kyau, sai dai yana gogewa, ki riƙa sa farar takarda tsakanin zane da zane. Tawadar allo ma ta isa aiki, ƙaron da ake haɗa ta da shi shi ne dai ake haɗa fentin ruwa na kanti da shi, kuma ƙaro ba ya wuya a kasuwar Agege. In kin tashi sayen fenti ki sayi akirilik, yana bushewa da wuri, ana wanke shi da ruwa. Fentin mai ki bar shi sai yaro ya yi wayo, warin abin da ake tsinka shi da shi ba na ɗaki ɗaya da jariri ba ne.

Akwai wata mai zane, Njideka Akunyili Crosby, an haife ta a Inugu a 1983, tana zaune a Amurka. 'Yar marigayiya Dora Akunyili ce, wadda ta shugabanci NAFDAC ta rasu a 2014. Ɗakuna take zanawa, falo da kujera da teburin cin abinci, amma in kika matsa kusa sai ki ga bangon da tufafin cike suke da ƙananan hotunan gidansu da na mujallun Najeriya, har da atamfar da aka buga da fuskar mahaifiyarta. Ki nemi aikinta a waya. Abin da nake so ki gani shi ne mace da aure da karatu suka kai nesa da gida, kuma kayan ɗaki da atamfar uwa suka ishe ta abin faɗa.

TAMBAYA

Hajiya, ina gaisuwa. Ni mutumin Danbatta ne, ina harkar albasa a kasuwar Mile 12 tun ina saurayi. 'Yata ta biyu a nan aka haife ta, Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinta. Ta gama sakandare, ta kafe sai ta karanta zane a Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba, uwarta kuma na bayanta. In mun je gida ana ce mata 'yar Ikko, a nan kuma 'yar Hausa. Ina tsoron wannan karatu ya ƙarasa raba ta da mu, an ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sannan da gaske ana cin abinci da zane?

AMSA

Alhaji, ina amsawa, Allah Ya ƙara buɗi. Kwalejin Yaba tsohuwar makaranta ce, tun 1947, kuma sashenta na zane yana cikin waɗanda suka fi suna a ƙasar nan. Marigayi Yusuf Grillo, ɗan asalin tsibirin Legas wanda ya rasu a 2021, ya shafe shekaru masu yawa yana jagorantar sa. Ka san inda shi ya yi nasa karatun? Zariya. A can ne a 1958 wasu ɗalibai na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane, cikinsu har da shi da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Uche Okeke. Malamansu galibi Turawa ne, su kuma suka ce za su koyi dabarun Bature amma abin da za su zana daga gida zai fito.

Labarin Uche Okeke nake so ka riƙe. Ibo ne, amma a Kafanchan ya yi ƙuruciyarsa, wato ɗan ci-rani ne kamar 'yarka. Da ya tashi neman abin da zai tsaya a kai, wurin mahaifiyarsa ya koma, wadda ta iya zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kuma a kan wannan ya gina sunansa. Abin da na gani a ɗalibaina ma haka ne. Yaron da ya tashi a Kano dagi da zanen soro ba sa ɗaukar idonsa, ya saba. Wanda ya tashi a Mushin ko Ketu shi ne zai tsaya ya tambayi kakarsa me ya sa aska takwas take takwas, wa ya koya mata zanen ƙwarya, me ake zubawa a karofi. Don haka in kana tsoron ta yi nisa, ka yi mata sharaɗi ɗaya: kowane dogon hutu ta je gida da littafin zanenta. A kai ta marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama, a zaunar da ita wurin masu ɗinkin hula da dukawan kasuwar Kurmi. Hausar ma a can za ta faɗa bakinta.

Batun abinci, ba zan yi maka daɗin baki ba. Za ka ji an ce an sayar da zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2. Gaskiya ne, amma irin wannan ɗaiɗai ne, shi ma bayan mai zanen ya rasu aka yi cinikin. Mafi yawan waɗanda suka karanta zane da koyarwa suke ci, ko tsara tambari da talla a kwamfuta, ko zanen atamfa da yadi, ko aiki da maɗaba'un Shomolu. Sana'a ce ta rufin asiri ga wanda ya iya kuma ya jure. Ka ce ta haɗa da koyon zanen kwamfuta tun shekarar farko. In wani a gida ya ce maka wannan ba aikin mace ba ne, ka ciro naira 20 ka juya bayanta. Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya, 'yar Gwari daga garin Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja ta dā, wato Suleja, a 1954.

TAMBAYA

Yaya, ni mai ƙunshi ce a Idi-Araba, 'ya'yana uku. Na fara zuba zanen lalle a kan kambas, wato yadin da masu zane ke zane a kai, amma in ya bushe sai ya ɓarɓashe. Kuma wani ya ce in ina son ciniki in riƙa zana dawakin hawan sallah da Bafulatana mai tallan nono. Ina zan kai aikina a gani?

AMSA

Ƙanwata, lalle fata yake kamawa, da gashi da ulu da siliki. Kambas ɗin da aka riga aka shafe da farin fenti ba ya shan sa, shi ya sa yake zubewa. Ko dai ki koma kan jemammiyar fata marar fenti, wadda za ki samu wurin dukawa, ko ki ɗura akirilik mai kauri a cikin ledar da kike matsa lalle da ita. Hannunki ya riga ya san ledar, layin zai fito yadda kika saba, kuma ba ya zuba.

Mai ba ki shawarar doki ba ƙarya ya yi ba, ana saye. Sai dai ki zaga shagunan zane na Lekki ki ƙirga dawakai da ƙoren nono nawa za ki gani, yawancinsu kuma waɗanda suka zana su ba su taɓa shiga ɗakin Bahaushiya ba. In kika shiga wannan layin ke ce ta ƙarshe. Abin da kike da shi wanda ba su da shi, kin zauna da ƙafar amarya a cinyarki tana kuka a daren ƙunshi, kin yi wa mai jego lallen suna, kin san bambancin abin da budurwa ke zaɓa da abin da uwar 'ya'ya biyar ke cewa a sa mata. Peju Alatise, da Najeriya ta fara kafa rumfarta a babban baje kolin Venis na Italiya a 2017, abin da ta kai shi ne surar yara mata takwas masu fukafukai, a kan labarin yarinya 'yar aiki a gidajen Legas. Abin da ke bayan gidanta ta ɗauka.

Kafin ki nuna, ki fara gani. Gidan zane na Nike da ke Lekki kyauta ake shiga, kuma mai shi, Nike Davies-Okundaye, da rini da saƙa ta fara, a hannun tsofaffin gidansu ta koya, ba a jami'a ba. A Yaba akwai cibiyar zanen zamani ta CCA da marigayiya Bisi Silva ta kafa a 2007, tana da ɗakin karatu na littattafan zane. Gidan zane na Rele yana da shirin da yake ɗaukar sababbin hannu. Babbar kasuwar zane ta ART X kuma, wadda aka fara a 2016, a watan Nuwamba take ci a Victoria Island, ki je ko don ki ga yadda ake rataye aiki da yadda ake sa masa kuɗi.

Ki tara aiki goma zuwa goma sha biyar masu magana ɗaya. Ki ɗauki hotonsu da hasken rana, a inuwa, ba da fitilar waya ba, ki rubuta tsawo da faɗi da abin da kika yi amfani da shi. Gidan baje koli yana cire kasonsa daga kowane ciniki, wani lokaci har rabi, don haka kada ki bar aikinki a hannun kowa sai da takarda mai sa hannu da ta faɗi farashi da kaso da ranar da za ki karɓi abinki in bai shiga ba. Hannu ko ƙafar wata da kika yi wa ƙunshi kuwa, ki nemi izininta kafin ki sa a Instagram. Kuma in damina ta kusa, kada ki jingina kambas ko fata da bango ko ki aje su a ƙasa, danshin Ikko yana sa su fumfuna cikin 'yan makonni. Ki ɗora su a kan katako inda iska ke ratsawa, ki riƙa fito da su shan iska in rana ta buɗe.